Abokan Neferhu a Kan Dala

Wannan abu a Misra ya faru, tun mutanen ƙasar na bauta wa rana, kowane sarkinsu kuma Fir'auna ake ce masa. Ba wancan da kuke ji a wa'azi ba, waɗannan kakannin kakanninsa ne, amma dai halin gidan ɗaya ne.

Fir'auna Neferhu ya shekara goma sha tara yana gina dalarsa, sai ƙanensa Sabkaf ya gaji da jira. Ran da suka fita farautar dorina a kogi, aka bar dorina tana kiwonta, mashi ya shiga bayan sarki ya ɓullo ta ƙirji. Kafin la'asar an yanka fadawa arba'in a ƙofar fada, jini ya bi magudanar ruwan wanka har cikin kasuwa. A fada aka ce dorina ce ta yi. Matan kasuwa suka ce su dai ba su taɓa jin dorina mai mashi ba, amma a hankali suka faɗa.

Kwana bakwai da wannan, sabon sarki ya tara majalisa, aka aika a kirawo Sarkin Gini Imeru.

Shi Imeru wani gajeren tsoho ne, ƙarar guduma ta toshe masa kunne ɗaya. Mutum dubu huɗu ke aiki a ƙarƙashinsa, ya san sunan fiye da rabinsu, ya san wanda matarsa ta yi yaji, ya san wanda dutse ya cinye wa yatsa. Ya shigo ya faɗi ya yi gaisuwa, goshinsa a ƙasa, sai ya ji dabe na warin jini duk da turaren da aka banka. Ya ja jiki ya zauna can gefe.

Babban Boka Tenti ne ya buɗe magana, da ƙaton tumbinsa da aski tal.

"Rana ta ja zamaninka, Zakin kudu da arewa, mai kogi da abin da ke cikinsa. Sarakunan farko a ƙarƙashin dakalin laka aka binne su, diloli suka tone, ɓarayi suka kwashe. Na bayansu suka ɗora dakali a kan dakali, suka bar laka suka koma dutse, har abin ya kai inda ya kai yau. Dala ba kabari kaɗai ba ce. Tsani ce da kurwar sarki ke takawa da safe ta hau wurin rana, da yamma ta sauko ta koma jikinta. Kurwa kuwa ba ta gane fuska, suna take bi. Inda ta ga sunan mai ita, nan ne gida."

"Na ji," in ji Sabkaf, ya yi tari ya tofar a kasko. "Shekarata hamsin da biyu. Ba ni da wasu ashirin da zan zauna jiran a gina mini tawa. Ga dala can, saura kaɗan a rufe kanta. A kankare sunan yayana daga bakin ƙofa a sa nawa, shi kuma a nemi rami a tura shi. Sarkin Gini, kwana nawa?"

"Bakin ƙofa kwana uku ne, ranka ya daɗe," Imeru ya amsa. Gaskiya ya faɗa, ya kuma ja bakinsa ya tsuke daga nan, yana fatan a tashi.

Da an tashi kuwa, ba don Waziri Kagemu ba. Kun san tsakaninsa da Imeru akwai tsohuwar gaba. Shekarun baya Waziri ya nemi a ba shi filin kabari a gabas da dala, kusa da sarki, Imeru ya ce ƙasar wurin a tsage take, ya ba shi can baya wajen da ake toya wa ma'aikata gurasa. Tun ran nan matar Waziri ba ta bar shi ya huta ba, wai ita ce za a binne a madafa.

"Zaki, a tambayi Sarkin Gini abin da ke cikin ciki," Waziri ya ce, yana gyara zoben hannunsa. "Bakin ƙofa kowa na gani. A tambaye shi jar ƙasa."

 Sarki ya zuba wa Imeru ido, babu halin shiru.

"Ranka ya daɗe, al'adar aiki ce, ba yau aka fara ba. Magina ƙungiya huɗu ne, kullum cikin gasa suke. Duk dutsen da ƙungiya ta ja, sai ta rubuta sunanta a jikinsa da jar ƙasa, don kada wata ta ce ita ta kawo. In an zo jerawa, sai a juya rubutun ya kalli ciki."

"Ina ruwana da sunan 'yan jan igiya?"

"Faɗi sunayen mana," in ji Waziri.

Imeru ya fara jerowa. "Abokan Neferhu. Bijiman Neferhu. Masoyan Neferhu. Ta huɗun kuma, a gafarce ni, Mashayan Neferhu."



"Dutse nawa ne ke da rubutun?" Sarki ya tambaya.

"Duka, ranka ya daɗe. Tun daga na ƙasa."

Sabkaf ya ɗaga sandar mulki, da yake mai fifita ne kusa da shi, shi ya sha. Haƙora biyu suka faɗo a kan dabe, bawan nan ya ci gaba da fifita jini na bin haɓarsa, don in ya tsaya kai ne zai biyo haƙora.

Ana cikin haka sai ga manzo ya faɗo, laka har gwiwa, ya zube.

"Zaki, Yarima Ranefer, ɗan marigayi, ya taso daga kudu. Jirage ɗari uku, baka da mashi. Ambaliya na tura su, kwana biyar za su iso."

Sarkin Yaƙi Hekaf ya miƙe. Dogo ne, tabon gatari ya raba masa gira biyu.

"Rana ta ja zamaninka, ban iya zancen kurwa ba, na iya zancen baya. Ba zan fuskanci Yarima a bakin kogi ba alhali a bayana akwai ƙarti dubu huɗu da guduma a hannu, masu kiran kansu abokan Neferhu."

"To, ai magani ɗaya ya ishi ciwon biyu," Waziri ya karɓe. "Rubutun da ke cikin dutse wa ya san da shi in ba waɗanda suka yi shi ba? A share su. Bayan yaƙi a kawo sababbi daga ƙauyuka, su rufe kan dala da sunan Zaki."

Sarki ya juya wajen Boka. "Kurwa fa? Ita ba ta karanta na ciki?"

Tenti ya lumshe ido ya daɗe. Ya ce tun jiya wani shaho ya sauka a kan dala ya ƙi tashi, nama yake jira, ma'anarsa jinin marubuci na wanke rubutu. Masu dafa abinci dai sun ce a makon nan tsuntsayen dinya shida suka fita daga gidan Waziri suka shiga gidan Boka, ba a kuma ga sun dawo ba.

"Shi ke nan," in ji Sabkaf. "Sarkin Gini, jibi da hantsi ka tara mini su a filin gindin dala. Ka ce sabon sarki ya yi musu walima, sa da giya da gurasa, su bar guduma a sama. Hekaf zai ƙarasa. Kai ka tsira da wuyanka da sarautarka. Ka ji?"

"Da kunnen da ke ji, ranka ya daɗe."

Imeru ya fito. Daga ƙofar fada ana hango dala fara fat, da tudun ƙasa da aka gina ya naɗe ta kamar maciji, mutane na hawa kamar tururuwa. Ta wannan tudu ake kai dutse sama. Can tsallaken kogi ake sarar duwatsun, ambaliya ta kawo su a jirgi, a ɗora kowanne a kan faffaɗan katako, mutum arba'in su ja da igiya, ɗaya na gaba yana zuba ruwa don laka ta yi santsi. Imeru ya tsaya yana jin waƙar jan igiya na tahowa da iska. Waƙar batsa ce, kamar kullum, a kan surukar wani.

Ya hau har sama ya kira shugabannin ƙungiya huɗu bayan wani dutse. Babbansu shi ne Nakti na Mashaya, mai ido ɗaya da baki kamar na magajiyar kasuwa.

"Baba, ka zo da fuskar wanda ya ci bashin kuka," in ji Nakti. "An rage mana albasa ne?"

"An ƙara muku. Jibi akwai walima, har da sa."

"Sa? Wannan mai tarin? Shi da ko yawunsa a kasko yake tarawa?"

"Za ku ci, ku sha, in kun yi nauyi Hekaf ya fito daga bayan katanga. Ba wanda zai koma gida."

Ya kwashe duk yadda aka yi ya gaya musu. Na Bijimai ya ce a gudu cikin hamada, na Masoya ya ce da mata da 'ya'ya a ƙauyen ma'aikata ina za a gudu. Nakti ya soshi gemu.

"Kai fa, Baba? Me aka ce za a ba ka?"

"Wuyana."

"Wannan guntun? Ai sun cuce ka."

Imeru bai yi dariya ba. "Dutse nawa ke nan sama da ba a jera ba?"

"Sittin da ɗaya."

"A bar su a kan katakonsu, a jawo su bakin gangare, a tokare. Daga yanzu har jibi duk mai tulu ya yi ta hawa da ruwa. Mata da yara su tsallaka kogi wajen masu sarar dutse, a ce za a yi bikin suna. In dogarai sun tambaya, ku ce sauri muke don mu faranta wa sabon sarki."

Haka aka yi. Dogaran da ke gadi har yabo suka kai fada, wai ba su taɓa ganin magina da himma irin ta kwanakin nan ba.

Ranar walima da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin dala, aka jera randunan giya, shanu goma na gasuwa, ƙamshi na hawa har sama. Ba wanda ya sauko sai ƙudaje. Rana ta take tsaka, Hekaf ya gaji da tsugunno a bayan katanga, ya fito da mayaƙa dubu uku. Ya sa hannu a baki ya yi kira.

"Imeru, sauko da mutanenka. Abinci na hucewa."

Nakti ya leƙo daga sama. "Sarkin Yaƙi, mun gode, amma ba mu saba ci kafin baƙi ba. Ku fara. In kuwa da kirki, ku hawo mana da shi."

"Zan hawo, ɗan mai ido ɗaya. Ɗayan ma zan cire da hannuna."

Aka buga ganga. Mayaƙa suka kama tudu, mutum goma sha biyu a jere, garkuwa a gaba, hagunsu bangon dala, damansu rami. Imeru na tsugune a bakin gangare yana kallo. Ya bar su suka wuce kwanar farko, suka wuce ta biyu. Mutanensa na ta kallonsa, shi kuwa yana ƙirga taku kamar mai awon gini. Sai da na gaba suka iso inda ake ganin farin idonsu, na baya kuma suka cika tudu har ƙasa, sannan ya ɗaga hannu.

"Ruwa."

Tulu ɗari biyar suka kife a lokaci guda. Lakar da ta sha dutse shekara goma sha tara ta koma kamar miyar kuɓewa. Sahun gaba suka fara zamewa, suna caka mashi a ƙasa don su tsaya.

"Cire matokari."

Dutsen farko ya taho a hankali, kamar tsohuwa za ta unguwa, sannan ya ɗauki gudu. Ya shiga cikin garkuwoyi, aka ji ƙara irin ta ɓarin ƙwarya. Mutum goma sha biyu suka zama tabarma, na bayansu ya tura su rami. Na biyu ya biyo, na uku ya hau kan na biyu ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar runduna. Masu juyawa su gudu suka ci karo da masu hawa, suka sari juna da gatari don neman hanya. Jini ya gauraya da ruwa, gangaren ya ƙara santsi. Ana jin mutane na faɗawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan hatsi.

Hekaf namiji ne, a ba shi wannan. Ya manne da bango, duwatsu huɗu suka wuce shi, ya tattara wasu talatin suka rarrafo har bakin sama. Nan aka yi ta hannu da hannu, guduma da gatari. Ya sare mutum biyar, ya kama Nakti ya soka masa wuƙa a ciki har ƙota. Nakti bai sake shi ba, ya rungume shi kamar amarya, ya ce da na bayansa, "Ku sake dutsen mana, me kuke jira?" Suka sake. Dutsen ya tafi da su biyun.

A na hamsin da wani abu, tudun ya gaji. Ya tsage a kwana ta biyu ya rufta, ya tafi da duk wanda ke kansa. Ƙura ta rufe rana. Da ta lafa, ba hanyar hawa, ba kuma ta sauka.

Magina suka yi ta tsalle suna rungumar juna. Imeru kaɗai ya je ya leƙa tuluna. Babu ko ɗigo. Duk sun zuba wa maƙiya.

Sauran mayaƙan sarki suka kewaye dala, maharba na jiran duk wanda ya leƙo. Kwana biyu mutanen nan suna kan dutse, ba inuwa, rana na gasa su daga sama, dutse na gasa su daga ƙasa, ga kogi can suna gani. Harsuna suka kumbura. Wasu suka sha fitsarinsu, wasu suka haukace suka yi tsalle. Mutum ɗari uku suka mutu. Imeru na bin su ɗaya ɗaya yana kiran sunayensu da muryar da ba ta fita.

A rana ta biyar da zuwan manzo, da hantsi, kogi ya cika da jirage. Masu kewaye suka zubar da baka suka watse, ba a ko yi yaƙi ba. Imeru ya kare ido da hannu yana duban jirgin gaba. Wa zai gani a tsaye a hannun daman Yarima in ba Waziri Kagemu ba.

Ashe da safen nan Waziri ya shiga gaida Sabkaf, ya tarar da shi a sunkuye a kan kasko yana tari. Ya ce bari ya buga masa baya, ya buga da wuƙa. Ya yanke kan ya sa a kwandon albasa, ya shiga kwalekwale ya tari Yarima tun kafin ya iso gari.

Aka haɗa igiyoyin jan dutse aka zuro Imeru ƙasa. Ya tarar an kafa wa Yarima Ranefer rumfa a filin walima, cikin warin gawa da ruɓaɓɓen sa. Saurayi ne siriri, ba ya yawan ƙifta ido. Imeru ya faɗi, ya kasa gaisuwa sai da aka ba shi ruwa.

"Ga shi nan, Zaki," in ji Waziri. "Shi ya rushe hanyar kabarin mahaifinka. Dubi duwatsun can, kowanne da sunan marigayi, ya jefo su cikin laka da hanjin mutane. Irin wannan ai shi da mutanensa duka sai wuta."

"Sarkin Gini, haka ne?" Yarima ya tambaya.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Ni na ce a sake su. Mutanen da ke sama umarni suka bi. A yi da ni yadda aka ga dama, su a aika musu ruwa."

Yarima ya dubi dala, ya dubi kwandon da ke gabansa, ƙudaje sun baibaye shi.

"Waziri, shekara nawa ka yi wa mahaifina aiki?"

"Ashirin da biyu, Zaki, da zuciya ɗaya."

"Baffana fa?"

"Kwana goma sha biyu, bisa tilas."

"Hannunka na da sauri." Ya ɗaga murya. "Ku saurari hukunci. Wanda ya jefa sunan sarki a laka ba zai riƙe sarauta ba. A tuɓe Imeru, a yi masa bulala hamsin. Magina a sauko da su, a ba su ruwa da gurasa, ba wanda zai taɓa su, don ba ni da wasu. Gawar mahaifina na hannun masu gyara, kwana saba'in za su gama. Ran nan nake son dala a rufe, a shigar da shi." Ya juya. "Kai kuma Kagemu, na ga ka san sirrin ginin nan fiye da kowa, har abin da ke cikin dutse. Daga yau kai ne Sarkin Gini. In kwana saba'in suka cika da sauran dutse ɗaya a ƙasa, fatarka za a shimfiɗa a bakin ƙofa."

Waziri ya dubi hannuwansa. Mutumin da ko bulo bai taɓa ɗagawa ba.

Aka ɗaure Imeru a jikin turke aka tsula masa hamsin ɗin nan cif, bayansa ya dare. Bai yi kuka ba, idonsa na kan tulunan da ake ja da igiya zuwa sama, yana kallo har na farko ya isa hannun mutanensa. Da aka kwance shi ya kwanta rub da ciki a inuwar katanga.

Can sai ya ji takun mutum. Kagemu ne, ya waiga hagu ya waiga dama, sannan ya tsuguna, gwiwoyinsa na ƙara.

"Imeru. Baba Imeru. Abin da ya wuce ya wuce."

"Matso ta wannan kunnen, wancan ba ya ji."

Kagemu ya zagayo da rarrafe, rigarsa ta farin lilin na jan jini. "Na ce, ta ina ake farawa?"

Imeru ya ɗaga kai da ƙyar, ya dubi rusasshen tudu, ya dubi hannuwan Kagemu masu taushi da zobba.

"Cire zobban nan, ranka ya daɗe. Akwai gawa dubu biyu a kan hanya, da su za a fara. Kama ƙafa, ka nemi mai kama maka kai."